Ranar da Aka Sa wa Mustafa Zarto

Ku da kuke wuni a tsaye a ƙofar kanti da yunifom, ku dawo masaukinmu na Mu'aither a nan Doha kuna cewa wai Baba Sabo ya huta, yana cikin sanyi yana lasar sukari, ku matso kusa. Jiya ina ji wani a cikinku yake cewa in kwantiraginsa ya ƙare zai zo in koya masa aikin a wata guda. Wata guda! Ni na daɗe a shagon nan ban taɓa fulawa ba, sai dai in share ta a ƙasa. Kuma ba fulawar ce ma mai wuyar ba. Sana'ar kayan zaƙin Italiya rabinta neman aure ne, domin su mutanen ba sa iya cewa suna son mace sai sun kunna tanderu. Akwai lokacin da aikina da katin zamana a ƙasar nan suka rataya a kan biskit guda ɗaya da muka aika wa wata bazawara a unguwar Abu Hamour. Zan zo kansa, ku bari in fara da mai biskit ɗin.

Ubangidana mutumin kudancin Italiya ne, wani yanki da ake kira Kalabiriya. Sunan da uwarsa ta raɗa masa Jusefe. Da ya musulunta, tun kafin in san shi, ya koma Yusuf, amma kowa Usta yake ce masa, yadda ake kiran gwanin sana'a a nan. Musuluncinsa da kyau, salla ba ta wuce shi, sai dai bai rabu da camfe-camfen ƙauyensu ba ko kaɗan. Mutum ne da zai idar da sallar asuba, gishiri ya zube masa, ya ɗebi kaɗan ya watsa ta bayan kafaɗa. In na yi magana ya ce wannan ba addini ba ne, tarbiyya ce.

Ranar da na fara zuwa wurinsa, na baro goge-goge a filin jirgin Hamad, na ce masa ni tsohon mai burodi ne, na yi shekaru a gidan burodi a Sabon Garin Zariya. Bai tambaye ni takarda ba. Cewa ya yi in miƙo hannu. Ya riƙe tafina kamar mai duba, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Zafi. Wannan hannun bota zai narkar."

Na ce, "Usta, hannun ɗan Adam ne, da rai a jikinsa."

Ya ce, "To mai rai ya je ya wanke tire. Yalla, maza."

Haka na yi ta wankin tire, kuma kullum sai ya sa na tsoma hannuwana a ruwan ƙanƙara, wai yana koya musu ladabi.

Aikin farko da ya bar ni na yi da kaina shi ne sufoliyatela. Kada ku wahalar da harshenku, ni ma Safiya nake ce mata. Duk kayan shagon na raɗa musu sunayen Musulmi, har Usta ya gaji ya bi ni. Safiya kwaɓi ne mai tauri da za ka yi ta murzawa, ka yi ta ja, har ya yi faɗin zani, ya yi sirantar da kana ganin zanen teburi ta cikinsa. Ka shafe shi da bota, ka naɗe shi kamar tabarma, ka kai firij ya kwana. Kashegari ka yayyanka, ka sa manyan yatsu biyu ka tura tsakiyar a hankali har ta buɗe kamar mazurari, ka ɗura mata haɗin cuku da ɓawon lemo. In ka yi daidai, a tanderu za ta tashi ganye-ganye, mai ci yana gutsura ana jin ƙarar daga ƙofa. In yatsanka ya huda ta, Usta zai ɗaga ta sama ya leƙo ka ta hujin, ya ce, "Salamu alaikum, Sabo." Na sha wannan sallamar har na daina amsawa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai sikeli, wanda Usta ya fi yarda da shi a kan duk wani mahaluki. Akwai sandar murji ta icen zaitun da ya gada wurin ubansa, wadda in ka wanke ta da sabulu gara ka zagi ubansa kai tsaye. Akwai wasu 'yan wuƙaƙe da yake naɗewa a tsumma, ba mai taɓa su. Sai tanderu, mai son kai, kusurwarsa ta hagu ta fi zafi, in ba ka juya tire ba rabin kayan su ƙone rabi su fito ɗanye. Ba injin da zai gaya maka wannan, sai ka ƙona ka ji zagi.

Sannan ga masu saye. Kanoli, wato ɓawon da ake soyawa kamar bututu a ɗura masa cuku mai zaƙi, ba a ɗura shi sai mai shi yana tsaye. In ya jima zai yi laushi kamar tsumma. To wani zai zo da safe ya ce a ɗura masa tire guda, zai kai sahara da yamma. Usta ya ce a'a. Mutumin ya ce ai kuɗinsa ne. Usta ya ce ai sunansa ne a jikin kwalin. Ni ne mai shiga tsakani, ina cewa "mafi mushkila, habibi" ga wannan, wato ba matsala, ina cewa "haƙuri, Usta" ga wancan, alhali mushkilar ta fi ƙarfin mu duka.

Amma cinikinmu na gaske na biki ne. 'Yan Italiya da ke aiki a nan, da Larabawan da suka je can suka gani, duk wurinmu suke zuwa. Akwai wata alewa da ake yi da lauz, irin gyaɗar nan ta Larabawa, a lulluɓe ta da sukari. Koriya ta baiko ce, fara ta ɗaurin aure. Ana ƙulla ta a ɗan ƙyalle a raba wa baƙi, kuma dole biyar, ko dai wani adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. A wurinsu duk abin da ya rabu biyu a sha'anin aure mugun fata ne. Na taɓa ganin Usta ya kwance ƙulli ɗari-ɗari yana sake ƙirgawa saboda ya tsinci shida a guda ɗaya. Na ce Usta, a garinmu in ka ƙara wa mutum alewa godiya yake yi. Ya ce shi ya sa kuke auren huɗu.

Suna kuma da wata al'ada, ana gobe ɗaurin aure ango ya je ƙarƙashin tagar amarya ya rera mata waƙa, ta leƙo, iyayenta su fito da kayan zaƙi a raba wa maƙwabta. Wani injiniya ya yi odar kayan a wurinmu, ya ɗauko jita, ya tafi. Amarya tana can saman wani dogon bene da tagoginsa ba sa buɗuwa. Ya yi ta kwarara waƙa, ba ta ma san yana yi ba. Wanda ya ji shi kawai mai gadi ne, wani ɗan Sakkwato irinku, ya zo ya ƙwace jitar ya ce nan ba wurin roƙo ba ne. Sai da na je na yi masa bayani da Hausa, na haɗa masa da kanoli, sannan ya saki kayan mutane.

Sai shekarar annobar nan ta zo, aka hana taro. Biki ya tsaya cak. Buhunan alewar lauz suna jibge, Safiya tana fitowa daga tanderu ba mai saye, mu ci ta da safe mu ci ta da dare har na tsani ƙamshin bota. Abokan aikinmu suka watse ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga ni sai Usta. A shekarar ya tsufa. Matarsa ta rasu tun yana can, ba ɗa ba jika, sai wata yayarsa tsohuwa a ƙauye. Ya fara cewa shi fa ya gaji, zai sallama wa kafil, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, shagon ya koma gida ya mutu a inda ake jin yarensa. Ku kun san abin da wannan yake nufi ga irina. Shekaruna sun wuce a ɗauke ni gadi, kuma ba wani shago a Doha da ke neman Bazazzagi mai iya Safiya.

Bayan an buɗe gari, wani direba ɗan'uwanmu ya yi walimar aure, na dawo da alkaki a leda. Ina laɓe bayan firij ina ci Usta ya kama ni. Cin kayan zaƙin wani a shagonsa babban laifi ne. Ya ƙwace, ya juya shi, ya shinshina, ya gutsura don ya samu abin zagi. Ya sake gutsura.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Hajiya Kulu ce ta yi. Bakanuwa ce, malamar asibiti, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma suna gida. Tana zaune a Abu Hamour a gidan yayanta Dakta Nuhu, wanda yake bincike a jami'a, dakta ne na littafi ba na allura ba. In ta samu hutu takan yi wa 'yan Najeriya alkaki da dubulan na biki. Mace ce mai baki, kuma tunda ta ji ni Bazazzagi ne ba ta taɓa kiran sunana ba.

Usta ya cika tire da kanoli ya ce in kai mata, in roƙo masa yadda take haɗa alkakin. Ta ɗanɗana a gabana, ta goge baki.

Ta ce, "Bazazzagi, ka ce masa ya yi ƙoƙari. Amma sirrin alkaki ba a saye shi da bututu."

Ta zuba dubulan a tiren ta ba ni, don kun san mu ba ma mayar da kwano ba komai. Usta ya ci dubulan ya ce man ya yi yawa, ya aika da Safiya. Ta ce Safiya ba laifi, sai dai duk ta zube mata a hijabi, ta aiko da nakiya. Haka na koma jakin dako tsakanin tsofaffi biyu, ina kai tire ina dawo da tire, kowanne yana kushe na ɗan'uwansa yana sidar yatsa. Daga baya suka fara haɗuwa a kasuwar Abu Hamour wurin masu zuma, suna musu da Turanci a kan wace zuma ce ta gaskiya. Ranar da na ga Usta ya fesa turare don zai je sayen lemon tsami, na san maganar ta wuce alkaki.

Wata safiya na tarar ya kwance tsumman 'yan wuƙaƙen nan. Ya ce yau Mustafa za mu yi. Sunansa na gaskiya mustacholo, kuma tunda nake shagon sau ɗaya na ga an yi shi. Ba ƙwai, ba bota, ba yis. Zuma ce kawai da fulawa. A ɗumama zumar, a kwaɓa, a bar shi ya huta, sannan a siffanta shi da hannu, wani doki, wani kifi, wani kwando. Usta zuciya ya yi, faɗin faifai. Ya zauna da wuƙaƙensa yana sassaƙa mata furanni da kurciyoyi biyu, ya liƙa mata 'yan takardun ƙyalli ja da kore. Ya gasa ta a wuta kaɗan-kaɗan, yana zaune a gaban tanderu kamar mai jinya. Da ta huce na ƙwanƙwasa, ta yi ƙara kamar ƙofa. Wallahi in ka jefi mutum da Mustafa sai an kai ku ofishin 'yan sanda.

Na ce, "Usta, wa zai iya cin wannan?"

Ya ce, "Ba a ci. A ƙauyenmu in namiji yana son mace, wannan yake aikawa gidansu. In sun riƙe, sun ba shi. Ta ajiye shi har tsufanta. Wanda babana ya aika wa uwata yana nan har yau. In kuwa suka dawo da shi, ba a sake magana."

Na ce, "To in an dawo da shi fa, mu yaya?"

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. In rufe shago in tafi. Ba zan zauna a garin da zan riƙa haɗuwa da ita wurin masu zuma ba."

Na tuna halin Hajiya Kulu. Mace ce da ba ta taɓa barin tire ya dawo ba komai ba, kuma ga shi an ɗora abincina a kan tire.

Na sa babbar riga, na ɗauki tiren a rufe da ƙyalle, na tafi bayan la'asar. Dakta Nuhu ya karɓe ni a falo. Muka gaisa, na gyara murya na ce, "Dakta, Usta ne ya aiko ni da Mustafa, a kan maganar Hajiya."

Dakta ya leƙa bayana. Ya ce, "To ya shigo mana. Ɗan wane gari ne?"

Na yaye ƙyallen na nuna masa. Ya cire tabarau ya mayar. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurara, ya ce shi dai ya san Usta mutumin kirki ne, amma Kulu ba yarinya ba ce, ita za ta yanke wa kanta. Ya kira ta. Ta zo ta tsaya a kan tiren, ta ƙwanƙwasa zuciyar da zobenta.

Na ce, "Hajiya, don girman Allah ki saurare ni. Wannan ba na ci ba ne. In kin yarda, ki riƙe. In ma ba ki yarda ba, ki jefa a shara, ki ce min kin riƙe, daga baya a san yadda za a yi. Amma kar ya dawo. In ya dawo, shago ya rufu, ni kuma sai Zariya."

Ta ce, "Zariyar ba gari ba ne? Na ji, Bazazzagi. Sai na neme ka."

Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Usta ya ƙona tire biyu na Safiya, shi da bai taɓa ƙona komai ba. Waya na ƙara sai ya dube ni, ni kuma in dubi ƙasa. Ranar Alhamis ta kira, ta ce in zo in ɗauki tirenmu.

Ta miƙo min shi a ƙofa, a rufe da kwano, da nauyinsa. Ta ce, "Ka kai masa yadda yake. Kuma na san halin Zage-zagi, zan tambaye shi abin da ya gani."

Ban kai titi ba na tsaya na buɗe. Inna lillahi! Rabin zuciya ne. An raba ta tsakiya, kurciya ɗaya ta tafi ɗaya ta dawo. Kuma an cire takardun ƙyallin, an jiƙa ta sharkaf a ruwan zuma da lemon tsami da kanumfari, yadda ake yi wa alkaki, ta kumbura ta yi laushi tana ƙamshi. An dawo da shi, an raba shi biyu, an kuma gyara wa Usta girki. Laifi uku a tire ɗaya. Na zauna a motar shago ina kallon abin nan, zuciyata tana ce min Sabo cinye shi, ka kai tire wankakke, kowa ya huta. Har na kai hannu. Sai na tuna matar nan za ta tambaya, na ja bismillar da na fara na mayar.

Usta ya buɗe kwanon. Bai yi zagi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya kwance ƙyallen aikinsa daga ƙugu, ya ninke, ya ajiye a kan sikeli. Ya ce in nemo masa lambar kafil.

Na ce, "Usta, tsaya. A garinmu in an kai kayan neman aure aka karɓa, ana ɗibar wani abu a mayar wa dangin namiji su ma su taɓa. Wannan karɓa ce."

Ya ce, "Ni ba ɗan garinku ba ne. Ta dawo da shi."

Na ce, "Rabi ta dawo da shi."

Ya ce, "Rabin ya fi muni!"

Na ce, "To a ƙauyenku an taɓa dawo da rabi?"

Ba a taɓa ba. Na ce to tunda babu hukuncin a wurinsa, a nemi fatawa wurin manya. Da ƙyar ya yarda ya kira yayarsa Rozariya ta bidiyo. Tsohuwa ce tukuf, da baƙin ɗankwali, ta kafa hancinta a jikin wayar har ba ma ganin komai sai shi. Suka yi ta yare, hannuwa na tashi. Ni ina riƙe da waya ina haska mata tiren. Can ta yi wata tambaya, Usta ya juyo gare ni.

Ya ce, "Wai da me ta yanka? Ta ce wuƙa ba ta yanka mustacholo."

Na duba gefen da kyau. Ga sawun haƙora nan a jere. Na ce, "Usta, zarto ne."

Ya faɗa mata. Tsohuwar nan ta fashe da dariya har wayar ta faɗi, muka koma kallon rufin ɗakinta. Da ta ɗauko ta yi masa magana a tsawace. Usta ya ce wai ta ce macen da ta nemo zarto ba ƙin ka take yi ba, mai ƙi ba ta wahalar da kanta. Kuma wai ta ce shi jaki ne tun yana yaro, yana zaune yana kuka a kan rabin da ya dawo, bai tambayi inda ɗaya rabin yake ba.

Muka rufe shago da rana tsaka, abin da ko a shekarar annoba ba mu yi ba. Usta ya rungumi tiren a cinya har Abu Hamour. Dakta ya buɗe mana, yana ganinmu ya fara murmushi, ya ce zarton na maƙwabcinsa ne, kuma sai da haƙoran zarton biyu suka karye. Muka zauna. Usta ya ajiye tiren a tsakiyar falo, gumi yana karyo masa duk da sanyin ɗakin. Hajiya Kulu ta shigo, ta gaishe da yayanta, ta zauna nesa kaɗan.

Usta ya ce da Turancinsa mai karkace, "Hajiya, ina ɗaya rabin?"

Ta tashi ta shiga ciki, ta dawo da wani abu naɗe a sabon ɗankwali. Ta warware. Ga shi nan a bushe ƙamas, da kurciyarsa, da ƙyallinsa ja da kore, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Ta ce, "Bazazzagi, fassara masa, don ba na son Turanci ya rage min magana. Wannan nawa ne, ajiye shi zan yi yadda ake yi a garinsu. Wancan nasa ne, ci zai yi yadda ake yi a garinmu. Ni ba zan karɓi abu in bar mai shi da tire ba komai ba. Na jiƙa masa ne don na lura haƙoransa na gefe duk sun tafi. Kuma ka gaya masa ba a aiko neman aure a tire. Ga yayana nan zaune, yana da baki, Usta ma yana da baki."

Na fassara duka, har da maganar haƙoran. Dakta ya gyara zama ya koma waliyyi sosai, ya ce to madalla, amma a al'adarmu namiji ba ya nema wa kansa, ina manyansa? Usta ya dubi hagu, ya dubi dama. Manyansa duk suna maƙabartar wani ƙauye a Kalabiriya, saura tsohuwa mai dariya. Sai ya nuna ni.

Ya ce, "Ga shi."

Ni da na shigo shagonsa ina wankin tire, ni na cire hula na mayar, na yi salati, na ce Dakta, mun zo neman iri ne a gidanka, ɗanmu Yusuf ya ga 'yarku Hauwa'u yana so. Ɗan namu ya girme ni da shekaru, amma ban yi dariya ba. Dakta ya ce sun ba mu. Muka shafa fatiha.

Usta bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, sai ya ce a ba shi cokali. Mutumin da bai taɓa yarda wani ya ƙara ko gishiri a girkinsa ba, ya ja tiren gabansa ya yanki rabin zuciyar nan ya kai baki. Ya ce lemon tsamin ya ɗan yi yawa. Ya sake yanka. Hawaye yana bin kumatunsa yana cewa kanumfarin ne. Zai kai na uku Hajiya Kulu ta taso, ta zare cokalin daga hannunsa.

Wannan karon ba ta nemi in fassara ba, da Turanci ta yi masa, a hankali. Ta ce ta ga yadda yake shan ruwa a kasuwa, ta ga tabon allura a yatsunsa, ta san ciwon suga gare shi tun ba yau ba. Ni da muke wuni tare shekara da shekaru, ina miƙa masa zuma yana ɗanɗanawa, wallahi ban sani ba.

Ta ce, "Cokali biyu ya ishe ka. Na binne miji ɗaya, ba zan binne na biyu saboda zuma ba."

Usta ya dube ta, ya dubi tiren, ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa. Ta turo tiren gabana ta ce wakilin ango ya ƙarasa.